Tsuntsun da Alhaji Yahuza Ya Shafa wa Kwalli

Alhaji Yahuza ya yi ƙarya, kuma da yatsa ya yi ta, ba da baki ba. Magidanci ne mai furfura a gemu, ma'aikacin gwamnati a Gusau, ɗan gidan mutunci. Amma ya zauna a kan tabarmar matarsa, ya ɗauki hoton tsuntsun da Allah ya halitta da farin kai ya mayar masa da kan baƙi, don kawai a ba shi riƙon kyamara. Ba wanda ya tilasta shi. Kwaɗayi ne tsagwaronsa, sai kuma rashin sauraro, wanda shi ne tsohon ciwonsa.

Akwai wata 'yar ƙungiya ta masu kallon tsuntsaye, mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu, duka-duka ba su cika mota uku ba. Mutanen gari suna yi musu kallon waɗanda aikin yi ya ƙare wa. Dazuzzukan da suke shiga a da sun daina shiguwa, don haka yanzu iyakarsu madatsar ruwa ta Gusau da bakin gulbi a Bungudu, su ma sai sun gaida mai unguwa tukuna, kada a ga mutum da madubin hangen nesa a ɗauke shi wani abu dabam.

Dukiyar ƙungiyar guda ɗaya ce, wata kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, wadda wani tsohon ɗan ƙungiya ya bar musu da aka yi masa canjin wurin aiki. Gimbiya suke kiran ta. Daga wannan gaɓar ruwa tana iya ɗauko ƙwayar idon tsuntsun da ke waccan gaɓar. Ƙa'idarsu ita ce, duk ƙarshen sanyi, wanda ya kawo hoton tsuntsun da ƙungiya ba ta taɓa gani ba, shi zai riƙe Gimbiya shekara guda. Alƙalin hotuna shi ne Malam Bitrus, tsohon likitan dabbobi da ya yi ritaya ya zauna a Tsafe. Dokarsa ɗaya ce tak: ba a taɓa hoto. Ba a ƙara masa, ba a rage masa.

Abin da ke ƙona ran Yahuza shi ne Gimbiya tana hannun Abdulsamad mai kemis na Bungudu. Abdulsamad ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma bai taɓa barin damar tsokana ta wuce shi ba. Duk fitar da aka yi sai ya rataya Gimbiya a wuya ya zo ya tsaya daidai gaban Yahuza yana goge ta da hannun riga.

"Matsa can, bawana," in ji shi, "kada numfashinka ya ɓata mata gilashi."

Cikin sanyi wasu fararen tsuntsaye masu tokar baya kan sauka a madatsar ruwa, 'yan ƙungiya suna ce musu tsuntsayen teku. Kala-kala ne, amma a idon wanda bai sani ba duk uwa ɗaya ta haife su. Wanda aka saba gani shi ne mai tokar kai. Wanda kowa ke mafarki kuwa shi ne mai baƙin kai, baƙo daga ƙasashen Turai, wanda ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa cikinsu. Zanensa yana jikin kalandar ƙungiya, da kansa mai duhu kamar an kifa masa hula. Yahuza ya rataye kalandar a ɗakinsa, shekara ta wuce bai sauke ta ba.

Malam Bitrus ya sha gaya musu cewa a wurin tsuntsun teku kai ne abu na ƙarshe da ake dubawa. A fara da fiffike, sannan baki, sannan ƙafa, sannan ido. Ranar da ya yi dogon bayani a kan mai baƙin kai, Yahuza yana waje wurin mai tsire. Ya dawo da ƙunshi yana lasar yatsa, da aka ce ya rasa darasi ya ce shi da ke kwana yana tashi da kalanda, me za a gaya masa.

Wata Asabar da safe cikin watan Janairu ya je madatsar ruwa shi kaɗai. Ruwa ya kwanta luf, ko motsi ba ya yi. Tsuntsayen teku sun yi layi a inda ruwa bai wuce gwiwarsu ba. Da yake ba shi da kyamara, dabararsa ita ce ya manna idon wayarsa a bakin madubin hangen nesa, ya riƙe numfashi, ya danna. Cikin layin akwai wani da ya ɗan fi sauran ƙanƙanta. Tsuntsun ya ɗaga fikafikansa zai yi miƙa, Yahuza ya danna.

Ya duba hoton da sauri. Gaban fiffiken fari ne fat, dogon fari kamar an ja alli, da ɗan siririn baƙi a ƙarshe, daidai da na kalanda. Baki ja, siriri. Ƙafa ja. Ya fara dariya shi kaɗai, ya yi wani ɗan tsalle da bai dace da shekarunsa ba, har wani masunci da ke gyaran koma ya ɗago kai ya dube shi. Sannan idonsa ya kai kan tsuntsun. Fari ne. Fari tas, sai wani ɗan ɗigo mai duhu a bayan ido kamar ƙuda ya sauka.

Yahuza ya zauna a kan dutse.

"Haba ɗan tsuntsun ga," ya ce, "ka zo da riga, ka zo da takalmi, hula kaɗai ka mance?"

A nan ya kamata ya tura wa Malam Bitrus hoton ya ce bai gane wannan ba. Haka kowa ke yi, kuma ba wanda aka taɓa yi wa dariya a kan haka. Amma Yahuza bai iya cewa bai sani ba. Ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan mai tokar kai ne da ya koɗe, wanda Allah ya ba fiffike mai kyau, kuma abin da ya rage kaɗan ne.

Matarsa Hajiya Fatimatu mai yi wa amare lalle da kwalliya ce. A wayarta akwai wata manhaja da take gyara hotunan amare da ita, ta ƙara wa gira baƙi, ta share ƙuraje, ta zizara kwalli. Bayan azahar tana madafa tana soya albasa, Yahuza ya leƙa ya ce ta ara masa wayarta zai duba wani abu. Ya tura hoton can, ya zaɓi kwalli mafi baƙi, ya jingina kalanda a gabansa, ya sa babban yatsa ya fara shafawa.

Yatsan Yahuza ba na aikin kwalliya ba ne. Ya shafa nan ya zarce, ya gyara can ya ƙara zarcewa. Da ya ga gefe ɗaya ya fi kauri sai ya ƙara wa ɗayan. Hular ta sauko ta rufe ido, ta wuce ƙeya, ta kai wuya. Shi kuwa daɗi kawai yake ji, harshe a waje, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, amaryar wa ce wagga?"

Fatimatu ce tsaye a kansa da ludayi.

"Tsuntsu ne. Je ki, albasarki za ta ƙone."

"Na ga tsuntsu ne. Mi ya yi maka?"

"Haske na ɗan gyara mashi."

"Haske," ta ce, ta ƙara sunkuyowa. "Ni ko amaryar da ba ta da gira ko ɗaya ban taɓa lafta mata irin wanga baƙi ba. Kamar ya leƙa tukunyar baba ta masu rini."

Ya ce mata wannan harkar ilimi ce, ba ta lalle ba. Ya mayar da sabon hoton wayarsa, ya goge na asali, sannan ya sa ta goge wanda ke tata wayar, har cikin kwandon sharar waya, yana tsaye yana kallo. Ta goge tana girgiza kai, ta koma ga albasarta.

Kafin la'asar ya tura hoton zauren ƙungiya na waya, ya rubuta a ƙasa: "Mai baƙin kai. Madatsar ruwa. Yau."

Zaure ya kama da wuta. Wani ya turo kabbara, wani ya turo hoton ganga. Madam Ladi, ma'aikaciyar jinya wadda ita ce sakatariyar ƙungiya, ta rubuta cewa ta kusa zubar da tiren magani. Wani malamin makaranta daga Nahuce ya ce shi tun asuba jikinsa ke gaya masa yau akwai labari. Abdulsamad ya turo saƙon murya.

"Bawana, kai da ko balbela sai ta tashi kake danna waya? Wa ya riƙe maka tsuntsun ga?"

Can sai ga saƙon Malam Bitrus. Ya rubuta: "A zo da shi Tsafe ranar Asabar da safe. A zo da Gimbiya."

Yahuza ya karanta "a zo da Gimbiya" sau ba adadi. Wannan makon bai taka ƙasa ba. Ya je wurin tela ya sa aka ɗinka wa Gimbiya jaka ta koren yadi mai kauri, da soso a ciki, aka yi aikin zare a jiki da sunansa. Ya kwashe kwanonin Fatimatu daga saman kabad ya ce wurin na baƙuwa ne. A ofis duk wanda ya shigo neman sa hannu sai ya ga tsuntsu tukuna. Wata safiya Fatimatu ta fito ta same shi a tsakar gida ya ɗora taɓarya a kafaɗa, ya kanne ido ɗaya, yana bin kaza da ita a hankali.

"Hannu nika sabawa da nauyi," ya ce.

"Allah ya ba da lafiya," ta ce.

Ranar Asabar Abdulsamad ya taso daga Bungudu ya biyo ta Gusau ya ɗauke shi, Gimbiya tana kujerar baya an ɗaure ta da bel. Yahuza ya sha babbar riga, koriyar jaka a cinya. Duk tsawon hanya yana waiwaye.

"Rage gudu, akwai rami. Kada ka jijjiga mini ita."

"Tukuna dai."

"Ka yi bankwana da ita tun yanzu. In ka yi ladabi, ranar Juma'a sai in bari ka leƙa."

"Ni abin da ya ɗaure mini kai," in ji Abdulsamad da suka zo daidai dutsen Kwatarkwashi, "tsuntsun ga tun daga Turai ya taso, ya wuce teku, ya wuce hamada, ya rasa wanda zai tsaya wa sai kai."

"Ya san manya."

Gidan Malam Bitrus yana gindin duwatsun Tsafe. An shimfiɗa tabarmi a falo, an kawo kunun zaƙi da ƙosai, 'yan ƙungiya sun cika ɗaki har bakin ƙofa. Madam Ladi ta haɗa wayar Yahuza da talabijin, tsuntsu ya fito ƙato, ya cika bango. Aka yi tafi. Yahuza ya ɗaga hannu kamar mai amsa gaisuwar jama'a.

Malam Bitrus ya sa tabarau, ya ɗauki sandar rake da yake nuni da ita. Mutum ne mai yin komai a hankali, har mai jira ya gaji.

"Mu fara da fiffike," ya ce. "Kun ga farin nan da ya bi gaba? Mai tokar kai ba shi da shi haka. Nasa bakin fiffiken baƙi ne mai faɗi, da fararen ɗigo a ciki. Wannan na baƙonmu ne."

Yahuza ya gyara zaman riga.

"Baki siriri, ja, da duhu a tsini. Daidai. Ƙafa ja. Daidai. Bayan ma ya fi na mai tokar kai haske."

"A miƙo jakar nan kusa," in ji Yahuza.

"Saura ido." Malam Bitrus ya matsa kusa da talabijin, ya cire tabarau, ya mayar. "Alhaji, ina idonsa?"

"Yana nan ciki."

"Ban gan shi ba."

"Ya lumshe ne. Safiya ce, bai gama farkawa ba."

Wani ya ƙyalƙyale a baya. Malam Bitrus bai yi dariya ba.

"A wane wata ka ce ka ɗauka?"

"Wanga watan. Makon jiya."

"To. Madam Ladi, juya mana hoton nan, ƙafa sama, kai ƙasa."

Ta juya. Sai ga wani tsuntsu na biyu ya miƙe tsaye a talabijin, wanda duk makon nan ba wanda ya kula da shi. Inuwar tsuntsun ce a cikin ruwa. Ruwan safiyar ya kwanta kamar madubi, ya kwafe shi tsaf, fiffike da baki da ƙafa. Kansa fari tas. Ga ido baƙi ƙirin a buɗe, ga ɗan ɗigo a bayansa.

Kowa ya zuba wa talabijin ido. Ana jin Abdulsamad yana tauna ƙosai.

"Na waje ya sa hula," in ji Madam Ladi a hankali, "na cikin ruwa ya cire."

"Ladabi ne," in ji Abdulsamad. "Ya ga ruwa zai yi alwala."

Dariya ta ɓarke har yaran maƙwabta suka leƙo ta taga. Yahuza ya ji babbar rigarsa ta yi masa nauyi. Yana neman abin da zai ce game da yadda ruwa ke wanke launi, sai ya ga wani abin da bai taɓa gani ba. Malam Bitrus, mutumin da ko a bikin 'yarsa bai taka rawa ba, ya ajiye sandar rake, ya ɗaga hannu biyu, yana jujjuyawa a tsakiyar falo da takalmin soso.

"Shi ne," yake cewa. "Jama'a, shi ne. Ku dubi ɗigon nan. Ya zo Gusau!"

Da ƙyar aka zaunar da shi. Yana haki ya maimaita darasin da ya yi ranar tsire. Mai baƙin kai ba ya yawo da hularsa duk shekara. Sai lokacin da ya koma ƙasarsu zai yi sheƙa take fito masa, ita ma ba baƙa ba ce kamar gawayi, ruwan ƙasa ce mai duhu, kuma ba ta kai wuya. In sanyi ya zo sai ta zube, kai ya koma fari, ɗigon bayan ido kaɗai ke saura. Zanen kalanda na lokacin sheƙa ne. Duk wanda ya zo nan a watan Janairu, da farin kai zai zo.

Maganar ta ɗauki lokaci kafin ta isa inda za ta isa a kan Yahuza. Da ta isa sai ya miƙe zumbur.

"To ai shi ne na ɗauka. Ashe shi ne. Malam, ka ji da bakinka, ni na gan shi. A ba ni Gimbiya."

"Kawo hoton asali," in ji Malam Bitrus, "wanda ba a taɓa ba."

Yahuza ya karɓi wayarsa ya shiga lalube. Ya wuce hotunan suna, ya wuce na wani rago, ya wuce na jaka tun tana wurin tela. Babu shi. Ya kira Fatimatu, kuma garin sauri ya danna abin da ke sa murya ta fito fili.

"Hajiya, hoton tsuntsun nan na farko, yana wurinki?"

"Wane? Wanda ka shafa ma kwallina?" Muryarta ta cika falon. "Ai kai ka tsaya a kaina sai da na goge shi har kwandon shara. An ba ka kyamarar? In mayar da kwanonina ko in bari?"

Abdulsamad ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Madam Ladi ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Malamin Nahuce ya fita waje don kunu ya sarƙe shi.

Malam Bitrus ne ya duba agogo ya ce tsuntsun da ya sami wurin kiwo yakan yi kwanaki bai tashi ba. Bai rufe baki ba aka fara neman takalma. Aka bar ƙosai a faranti, aka dunguma cikin motoci, wani a cinyar wani, aka kamo hanyar Gusau ana ta yi wa juna ham. Yahuza yana kujerar gaba a motar Abdulsamad, don shi kaɗai ya san wurin. Bai ce a rage gudu ba.

Rana ta take lokacin da suka isa madatsar ruwa. Masuncin nan yana nan da komarsa, ya ga manyan mutane suna sanɗa a duƙe cikin manyan riguna, ya tattara kayansa ya matsa gaba. Tsuntsaye suna layinsu.

"Nuna mana, Alhaji," in ji Malam Bitrus.

Yahuza ya ɗaga yatsan nan dai da ya yi aikin, ya nuna. Na uku daga hagu, ɗan ƙarami, farin kai, ɗigo a bayan ido. Yana tsaye yana gyara gashinsa, bai san an yi shari'a a kansa ba.

Abdulsamad ya kafa ƙafafun kyamara, ya ɗora Gimbiya, ya kanne ido. Tsuntsun ya ɗaga fikafikai kamar an roƙe shi. Gimbiya ta yi ƙyas-ƙyas-ƙyas. Aka yi layi ana leƙawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗago yana murmushi kamar an yi masa albishir. Malam Bitrus ya leƙa sau uku. Yahuza ma an bar shi ya leƙa, daga ƙarshe, bayan Abdulsamad ya ce ya riƙe numfashinsa.

A nan bakin ruwa aka yanke hukunci, ba a kai ruwa rana ba. An rubuta mai baƙin kai cikin tsuntsayen ƙungiya da hoton Abdulsamad da sunan Abdulsamad. Gimbiya ta koma Bungudu shekara guda, cikin koriyar jakar da ke ɗauke da sunan Yahuza. An hana Yahuza kawo hoto har sanyi ya zagayo, kuma duk fitar da za a yi shi ne mai ɗaukar ƙafafun kyamara a bayan taubashinsa. Daga Tsafe har Bungudu ba mai kiran sa Alhaji Yahuza yanzu. Mai Kwalli ake ce masa.